Wace unguwa zan koma a Kano da siyasa ba za ta hana ni sakat ba?

Saƙon wannan makon daga wani ƙaninmu ne, na taƙaita shi, na kuma cire sunan unguwa da na jam'iyya.

"Assalamu alaikum Yaya. Ni haifaffen cikin birni ne, a gidan gado nake zaune da matata da yara uku, ina da shagon gyaran waya a Farm Centre. Matata Igbira ce 'yar Okene, musulma, amma a danginta akwai kiristoci kuma suna kawo mana ziyara. A zaɓen 2023 na yi wa jam'iyyata ejan a akwatin layinmu, alhali kusan duk layin ɗaya ɓangaren suke yi. Tun daga ranar ban ƙara samun sukuni ba. Majalisar da na tashi a cikinta in na zo sai a yi tsit, sau biyu ana jifan ƙofarmu da daddare, yarana ana tsokanarsu da sunan ɗan takarar da na yi wa aiki, matata kuma in ana biki a layi ba a sa ta a anko, sai habaici ana ce mata ƙabila. Ga wani zaɓen yana tahowa. Wani abokina ya ce in koma Abuja ko Kaduna, wani ya ce Sabon Gari. Hajiyarmu kuma ta ce barin gidan gado abin kunya ne. Wace unguwa ce ake zaune a cakuɗe, kowa da ra'ayinsa, ba mai takura wa wani?"

Wa'alaikumussalam ƙanina. Sunan jam'iyyar taka da gangan na goge shi, don in na bar shi rabin masu karatu za su ce Allah ya ƙara, ɗaya rabin su ce ai dama haka mutanen can suke, shi ke nan maganarka ta bi ruwa. Kuma irin wannan kukan kowane ɓangare yana yin sa, da mai jar hula a layin da ba a son ganinta, da wanda ba ya sa ta a layin da har mai rake ja ce a kansa.

Ra'ayina kai tsaye, ka tashi. Da a ce shirun majalisa ne kawai da sai in ce ka yi haƙuri, zaɓe ne, zai wuce, amma abin da ya kai ga jifan ƙofa da dare da yara a ciki ya wuce zolaya, kuma 2027 ba nisa. Sai dai tashin da nake nufi haya ce, a cikin Kanon nan, ba sayar da rabonka na gado ba, ba kuma ɗaukar kaya zuwa wata jiha ba.

Abu ɗaya ka cire a ranka tun yanzu, babu unguwar da ba a siyasa a Kano, kar dillali ya yaudare ka. Garin nan tun da aka kafa NEPU a 1950 ake raba gida da siyasa, wa yana NPC ƙani yana bin Malam Aminu, tukunya ɗaya amma ba a ga maciji. Aka zo jamhuriya ta biyu, Rimi ya ci gwamna a PRP a 1979, ba a je ko'ina ba ita kanta PRP ɗin ta dare gida biyu, santsi da taɓo, har a 1983 Rimi ya tsaya a NPP, Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi. Tambayi duk wani dattijo a layinku, zai ba ka labarin auren da ya mutu a lokacin saboda miji ɗan santsi ne uban mata ɗan taɓo. Daga 1999 zuwa yau kuwa ka gani da idonka, Kwankwaso, Shekarau a 2003, Kwankwaso ya dawo 2011, Ganduje 2015, Abba 2023, ga rigimar masarauta da ta ƙara raba kan mutane tun 2020 ta kuma dawo sabuwa a 2024. Kowane juyi sai ya bar maƙwabtan da ba sa gaisawa.

To me ya bambanta wani wurin da wani? Layin da kake ciki yanzu launi ɗaya ne, kuma kowa ya san kakanka. A irin wannan wurin ƙuri'arka ba taka ba ce kai kaɗai, ta unguwa ce. Akwai wani ɗan unguwa da yake riƙe da muƙami ko yake nema, shi ya kawo taransifoma, shi ya samar wa yara biyu aiki, shi ake kai wa katin asibiti, to ranar da ka tsaya a bakin akwati da takardar ejan ɗin abokin hamayyarsa, su a wajensu ba ra'ayi ka nuna ba, cin amanar gida ka yi. Ba na ce suna da gaskiya ba, ina gaya maka yadda abin yake aiki ne don ka san abin da za ka gudu. Wurin da kake nema shi ne inda yawanci 'yan haya ne da ma'aikata da 'yan kasuwa, kowa daga wani wuri ya zo, babu ubangida ɗaya da ya riƙe cikin kowa, kuma dole ta haɗa su a kan wuta da kwata da tsaro. A irin wannan layin za a yi musun siyasa har jijiyar wuya ta tashi, a kira sallar isha'i a tashi tare, don gobe da safe wanda ka yi musu da shi ne zai karɓi kuɗin sintiri a hannunka.

Maganar Abuja ba zan daɗe a kanta ba. Kuɗin hayar ɗaki biyu a can ka san ba sa'an na Kano ba ne, kuma kwastomominka na Farm Centre ba za su bi ka ba, sana'ar gyaran waya amana ce da ake tarawa a hankali, wanda ya kawo yau shi zai turo ƙaninsa gobe. Kaduna kuwa, in cakuɗa kake nema, ka sani tun bayan rikicin 2000 da na 2002 garin ya rabu kusan gida biyu, galibin musulmi suka tattara a arewacin kogi irin su Tudun Wada da Rigasa da Kawo, galibin kiristoci a kudu irin su Sabon Tasha da Narayi da Television. Akwai wuraren da har yanzu ake haɗe, amma mutumin da surukansa rabi masallaci rabi coci, ban ga abin da zai samu a can da ya fi na nan ba.

Sabon Gari fa? Na gane dalilin abokin naka. Tun wajen 1913 turawa suka ware ta don baƙin da suka biyo jirgin ƙasa daga kudu, kuma har gobe nan ne za ka ji Inyamuranci da Yarbanci da turancin buroka da Hausa a shago ɗaya, babu wanda zai kalli matarka sau biyu don ta yi yarensu a waya. 'Yan uwanta in sun zo ga coci kusa, ga tashar manyan motoci ta New Road, ga kasuwa da duk kayan miyar da ta saba da su. Amma ni ba zan kai ka tsakiyarta da yara uku ba. Cunkoso ne, gidajen yawanci irin na haɗaka ne ɗaki-ɗaki banɗaki ɗaya, dare ba ya yi da wuri, ga mashaya ga kiɗa, kai kuma ɗan cikin birni ne, Hajiya in ta ji sunan ma kaɗai maganar ta mutu. Sannan kar ka ɗauka can babu launi, suna da nasu, a 2023 ma kowa ya ga inda yawancinsu suka karkata a zaɓen shugaban ƙasa. Kuma tarihi bai ɓoye ba, duk lokacin da gari ya rikice, 1953, 1966, 1991, 2004, can ne hankali yake fara tashi. An daɗe ba a ga irin wannan ba, Allah ya ƙara kiyayewa, amma mai neman barci da ido biyu rufe ya kamata ya sa wannan a lissafi. Kusa da ita ya ishe ka, ba sai cikinta ba.

Ni da zan zaɓar maka, daga bakin shagonka zan fara. Farm Centre ai a Tarauni take, to ka duba zagayen nan, Tarauni ɗin kanta, Kundila, Gyaɗi-Gyaɗi, Hausawa, Zoo Road, ka gangara Hotoro. Asibitin Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya ya tara likitoci da nas-nas da ɗalibai daga kowace jiha, kuma yawancinsu a nan kewayen suke haya, ga ma'aikatan banki da na gwamnatin tarayya da aka yi wa canjin wurin aiki, mutanen da ko sunan kansilan mazaɓar ba su sani ba. Ga shi ka huta da kuɗin adaidaita sahu, wanda a yanzu ba ƙaramin abu ba ne a wata. Na biyu sai ɓangaren Nassarawa, Badawa da Kawaji da wasu sassan Yankaba, ka haɗa da Nomansland ta kusa da Sabon Gari, nan za ka samu Bahaushe da mutumin Filato da na Kudancin Kaduna da Bayarabe katanga ɗaya, kuma Sabon Gari ba nisa in baƙinku sun zo. Na uku hanyar jami'ar Bayero, wato BUK, Kabuga, Janbulo, Rijiyar Zaki, akwai malaman jami'a da ɗalibai, musu a can sai ka gaji amma da baki ake yi, matsalarsa gare ka nisa da shago, kullum sai ka ratsa gari. Naibawa da Unguwa Uku ma akwai baƙi sosai saboda tasha, sai dai hayaniya. Nassarawa GRA da Bompai ban kawo su ba don na san aljihun mai gyaran waya, kuma can ba zaman tare ake ba, kowa ya ja get ɗinsa ya rufe, matar da take kukan ba a sa ta a anko in ka kai ta inda ba a san ma an yi haihuwa a maƙwabta ba, ba ka yi mata magani ba.

Abin ma da yake ba ni haushi da masu ce wa matarka ƙabila, a cikin birni fa suke zaune, inda akwai Ayagi ta Yarbawa, da Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Agadasawa, da Dandalin Turawa na Larabawa. Rabin masu wannan habaicin in aka bi salsala kaka na huɗu da ayari ya shigo ta ƙofar gari. Amma bar wannan, ba shi ka tambaya ba.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Duk sunayen nan da na lissafa kar ka riƙe su kamar an gama magana, sunan unguwa ba ya zama da mutum, layi ne yake zama da kai. A Hotoro ɗaya akwai layin da za ka shekara ba ka ji an ɗaga murya ba, ka sha kwana biyu ka faɗa wanda ya fi naku zafi. Don haka in dillali ya nuna maka gida, kar ka tsaya kallon tayil da silin, ka sallame shi, ka dawo kai kaɗai.

Ka fara da bango. Bangon layi ba ya ƙarya. In ka ga fastocin jam'iyya biyu ko uku sun tsufa tare a katanga ɗaya, rana ta cinye su ba wanda ya yage na wani ko ya caccake idon hoton, alama ce mai kyau. In ka ga launi ɗaya tun daga bakin titi har ƙarshen layi, da sandar wuta da kwalbati duk an shafe su da fenti ɗaya, ka san inda ka baro ne aka canza wa suna. Sannan ka dawo bayan magariba ka zauna wajen mai shayi, ka sa a soya maka indomi da ƙwai, ka yi shiru. Lokacin nan ne ake kunna shirye-shiryen siyasa a rediyo, sojojin baka suna ta ɓarin zance, ka lura da teburin, in wani ya ce ƙarya yake wani ya ce wallahi gaskiya ya faɗa, aka yi dariya mai shayi ya ci gaba da firfita wutarsa, to nan ana iya zama. In kuwa duk teburin murya ɗaya ce, ko ka ga wani ya buɗe baki ya waiga ya haɗiye maganarsa, ka sha shayinka ka biya ka kama gabanka.

Mai kanti na bakin layi shi ma ka saye shi da hira. Kar ka tambaye shi wai nan akwai zaman lafiya, kowa zai ce maka lafiya lau. Tambaye shi ranar zaɓen gwamna na 2023 ya buɗe kanti ko bai buɗe ba, da aka faɗi sakamako aka sa dokar hana fita me ya faru a layin, masu murna sun tsaya a titi ko har ƙofar gidajen mutane suka je, akwai wanda ya kwashe iyalinsa a satin. Tambayar abin da ya faru ita take fito da gaskiya, ba tambayar ra'ayi ba.

Akwai kuma wani tarko da mutane ba sa lura da shi. Za ka ɗauka mazaɓar da ƙuri'a ta rabu kusan daidai ita ce mafi sauƙin zama, tunda kowa yana da 'yan uwa. A ranakun da ba zaɓe haka ne. Amma ranar zaɓe irin wannan wurin ne kowa yake kai ƙarfinsa. Ka tuna 2019 da aka ce zaɓen gwamna bai kammalu ba, aka sake a wasu akwatuna ranar 23 ga Maris, mazaɓar Gama a ƙaramar hukumar Nassarawa ita ce ta zama abin magana a faɗin ƙasar nan, kuma mutanen Gama da yawa za su gaya maka fuskokin da suka gani ranar ba na unguwa ba ne. Saboda haka ka auna tazarar gidan da wuri uku, makarantar da ake ajiye akwati, ofishin jam'iyya na mazaɓa, da gidan duk wani babban ɗan siyasa. Gidan ɗan siyasa yana kawo kwalta da fitila, gaskiya ne, amma yana kawo yaran da suke kwana a ƙofarsa suna jiran a sallame su, kuma ranar da ba a sallame su ba wayar mai wucewa ce take biya. Ka kuma tambaya ko akwai kango ko lungun da 'yan daba suke taruwa, don su ne kayan aikin da ake haya in kamfen ya zo.

Masallacin layi ka yi salla a ciki ko sau biyu ne. Ba ruwanka da ko na wace ɗariƙa ne, abin da za ka duba sahu, in ka ga mai ƙabalu da mai sadalu kafaɗa da kafaɗa an sallame an yi musabaha, mutanen da suka iya wannan za su iya da kai. Ka ji kuma ko liman yana shigo da zaɓe cikin karatu. Daga nan ka nemi sanin kwamitin unguwa, masu tara kuɗin gyaran taransifoma da yashe kwata da biyan 'yan sintiri, su waye a ciki. In ka ji ma'aji wani Bayarabe ne ko sakatare wani malamin makaranta ɗan Binuwai, an ba baƙo riƙon kuɗi ke nan, ka samu wurin zama. Mai unguwa ma ka je ka gaishe shi kafin ka biya ko sisi, a hirar minti goma za ka gane ko uban kowa ne ko ɗan kamfen ne da rawani.

Duk wannan rabin bincike ne, ɗaya rabin na matarka ne, kuma nata ya fi naka nauyi don kai da safe za ka fice sai dare, ita za ta wuni a layin. Ka bar ta ta je da wata ƙawarta ba tare da kai ba, ta shiga gidan mai kitso, ta leƙa wajen markaɗe, ta tambayi islamiyyar matan aure da yadda ake shiga adashe. Mata a zama ɗaya za su gaya mata abin da kai sai ka shekara ba ka ji ba, wace ce uwar layi, wa ake gudu, matar da ta tashi bara me ya kore ta. In ta dawo ta ce maka hankalinta bai kwanta ba, ko gidan ya yi arha kamar kyauta ka bar shi. Makarantar yara kuma ka roƙi hedimasta ya nuna maka rajistar aji ɗaya, ka karanta sunayen, in ka ga an gauraya to ba a nan za a mayar da yaranka abin tsokana ba.

Sai mai gida. Gidan da mai shi yake zaune a ciki, kai kana ɓangare ɗaya, ka yi taka-tsantsan, musamman in ɗan siyasa ne ko mai neman zama. Ka tambaye shi a fili cikin ladabi, Alhaji surukaina wasu kiristoci ne suna zuwa su kwana biyu, akwai damuwa? Gara ka ji amsar yanzu da ka ji ta bayan ka biya kuɗin shekara da la'adar dillali. A rubuta yarjejeniya, da shaidu, da wa'adin da zai ba ka in yana son gidansa, kuma a rubuta cewa ba za a manna fasta ko a kafa tuta a jikin gidan ba, naka ko nasa. Kar zafin neman zaman lafiya kuma ya sa ka manta da abin yau da kullum, ruwa rijiya ce ko burtsatse ko sai 'yan garuwa, kura nawa za ku sha a sati, wuta wane layi ce don tun 2024 masu Band A, wato layin da ya fi samun wuta, kuɗinsu daban ne, sannan ka dubi gindin katanga ko akwai zanen da ruwan damina ya bari. Maganar sayen fili ka ajiye ta tukunna, sai ka zauna shekara ɗaya ko biyu ka ga zaɓe ya wuce a wurin, in ka tashi saye kuma ka bi ta KANGIS da KNUPDA, hukumomin jiha masu kula da takardun filaye da izinin gini, wanda ya ga rusau na 2023 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

To ƙanina, saura naka laifin, in akwai. Ba ka faɗa min abin da kake rubutawa a Facebook ba, ba ka kuma faɗi abin da ya fito daga bakinka a bakin akwati ranar ba. Na san aikin ejan, ba a yin sa da murmushi. In kai ma ka yi wa dattawan layi ihu a gaban 'ya'yansu, ko kana cikin masu sa hoton ɗan takarar wasu da zagi a guruf ɗin WhatsApp na unguwa, to wannan kayan a aljihunka yake, duk inda ka koma zai bi ka. Ban ce ka bar siyasa ba, haƙƙinka ne, kuma garin da kowa ya yi shiru don tsoro ba gari ba ne. Amma a sabon wuri ka bari a fara saninka a matsayin mai gyaran wayar nan da yake zuwa jana'iza yake biyan kuɗin sintiri a kan lokaci, kafin a san jam'iyyarka. Wanda ka gyara wa waya kyauta ranar da ta faɗa ruwa, da wuya ya tsaya kallo a jefi ƙofarka. Katin zaɓenka ma INEC tana ba da damar mayar da shi akwatin da ke kusa da sabon gida in an buɗe rajista, da ni ne kai da na mayar, don in ka koma tsohon akwati da takardar ejan a 2027, kai za ka yi aikinka ka hau adaidaita ka tafi, Hajiya ce za ta kwana a layin.

Ita Hajiya kuma kar ka je mata da maganar wai ka gaji da unguwa, a kunnenta kamar ka ce ka gaji da ita ne. Kuma duk abin da za ka yi, kar ka bari sunan matarka ya shigo cikin dalili, ko da wasa, in ba haka ba har abada labarin zai zama baƙuwa ta zo ta raba ta da ɗanta. Ka ce yara sun girma ɗaki ya yi kaɗan, kuɗin mota zuwa shago ya yi yawa, ga maganar jifan nan, duka gaskiya ne ba ƙarya ka yi ba. Ka samu kawunku ko wani aminin marigayi mahaifinku da take jin nauyinsa ya fara yi mata shimfiɗa. Ɗakinka na gidan gado kar ka ba da haya kar ka kwashe kaya duka, ka bar katifa da 'yan kaya, yara su riƙa kwana can ranar Alhamis ku yi Juma'a tare, cefanenta kuma kar ya ragu ko da na kwana ɗaya, don abin da za ta auna tashin naka da shi ke nan.

Kafin motar kaya ta zo, ka je wajen mai unguwarku da wani babba ka faɗa masa maganar jifan ƙofa a gaban shaida, ba don a kama kowa ba, don a san an sani, tunda tsohuwa za ka bari a gidan. Majalisa ma ka je ka yi musu sallama ko da za su amsa a ciki-ciki, ka ce ga inda na koma, a zo a ga ɗaki. Lokacin tashi kuma ka daidaita shi da hutun ƙarshen zangon karatu, kuma ya zama kafin a buga gangar kamfen, don da zarar an fara raba huluna da atamfa masu gida suna ƙara dogon bincike a kan baƙon fuska, dillalai kuma su ƙara kuɗi.